Yadda Ake Kafa Ƙaramar Tashar Auna Yanayi a Ƙasar Katsina da Daura

Ruwan damina a arewacin Jihar Katsina ba ya sauka bai ɗaya. Hadari guda zai jiƙa Batagarawa sharkaf ya bar Kaita da ƙura, ko ya zuba a Sandamu alhali a cikin Daura yayyafi kaɗai aka gani. Saboda haka alƙaluman tashar hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da ke filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, duk ingancinsu, ba za su gaya wa manomin Mai'aduwa ko na Zango abin da ya sauka a gonarsa ba. Makarantar sakandare, ofishin malamin gona ko ƙungiyar manoman rani, kowacce za ta iya riƙe tasha tata. Kayan ba su da tsadar da ake zato. Abin da ya fi lalata awo abu biyu ne: wurin da aka kafa na'ura, da lokacin da ake duba ta. Gwangwani da aka kafa daidai, ake dubawa kullum a sa'a ɗaya, ya fi na'urar miliyoyi da aka jingina da katanga.

Akwai abubuwa uku da ya kamata mai awo ya riƙe tun kafin ya taɓa na'ura. Na farko, abin da ake aunawa kullum shi ne halin da sararin sama yake ciki a wannan wuri a wannan sa'a. Sai an tara irin wannan awo na shekara 30 sannan ake iya cewa ga ɗabi'ar yanayin wuri, kuma shekarun da hukumomin duniya ke kwatanci da su yanzu su ne 1991 zuwa 2020. Da irin wannan lissafi ne aka san cewa birnin Katsina kan samu wajen milimita 600 na ruwa a shekara, Funtuwa kuwa kusan 1,000, aka kuma san girman gibin da farin 1973 da na 1984 suka yi.

Na biyu, iska biyu ce ke juya shekararmu. Busasshiya tana zuwa daga arewa maso gabas, ta hamada, ita ce ta hunturu, kuma mafi yawan ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Mai laima tana zuwa daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika. Layin da suke haɗuwa yana hawowa arewa daga bazara, ya wuce mu har cikin hamada a watan Agusta, sannan ya koma kudu da kaka. Sai layin ya wuce mu da tazara mai yawa damina take zama. Shi kansa hadarin kuwa daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, kamar yadda kowa ya sani.

Na uku, agogo. Manyan tashoshi na duniya suna awo duk bayan sa'a uku bisa agogon GMT, wanda agogon Najeriya ya riga shi da sa'a ɗaya, wato ƙarfe 7, 10, 1, 4 da sauransu a wajenmu. Ƙaramar tasha sau ɗaya a rana ya ishe ta. A zaɓi sa'a guda da safe, misali ƙarfe 10 don ta zo daidai da ɗaya daga cikin waɗancan, kada a sake ta.

Ma'aunin ruwan sama

Da shi za a fara, ko da shi kaɗai za a iya mallaka. Ana auna ruwa da zurfinsa: milimita 1 tana nufin da ruwan ya tsaya bai nutse ba, bai gangara ba, da zurfinsa ya kai milimita ɗaya. Wannan lita 1 ke nan a kan murabba'in mita guda, ko lita 10,000 a hekta. Ruwan milimita 25 ya zuba wa hekta ɗaya lita 250,000.

Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi a ƙasar nan na ƙarfe ne, faɗin bakinsa santimita 12.7, da mazurari mai zurfi, da kwalba a ciki, da gilashin awo nasa na kansa. Gilashin wani ma'auni ba ya aiki a wani, domin an zana layukansa ne bisa faɗin bakin da aka yi shi dominsa. Wannan kuskure ya yawaita a makarantu: gilashi ya fashe, a ɗauko na ɗakin gwaje-gwaje, a karanta mililita a rubuta milimita.

Wanda zai haɗa nasa, ya samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da siririn baki da bai lotsa ba, ya cire gindinsa, ya manna shi a kan mazurari yadda ruwa ba zai yoyo ta mahaɗar ba. Amfanin gwangwanin shi ne hana ɗigon ruwa fallatsuwa waje, abin da mazurari shi kaɗai ba ya iya yi idan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mazurarin ya shiga jarka ko kwalba mai ƙaramin wuya, don kada rana ta shanye abin da aka tara.

Sai lissafi, wanda sau ɗaya ake yin sa a rubuta a bangon littafi. A auna faɗin bakin gwangwanin daga ciki zuwa ciki, ta fuska biyu, a ɗauki tsaka-tsaki. A raba biyu, a ninka abin da ya fito da kansa, a sake ninkawa da 3.14, sannan a raba da 10. Amsar ita ce yawan mililitar da ke daidai da milimita ɗaya ta ruwan sama. Misali, baki mai faɗin santimita 16: rabinsa 8, 8 sau 8 ya ba da 64, sau 3.14 ya ba da 201, a raba da 10 ya zama 20.1. Idan da safe aka tarar da mililita 340 a kwalba, sai a raba 340 da 20.1, ruwan milimita 16.9 ke nan. Wanda ya dace da baki mai faɗin santimita 11.3 ya huta, domin kowace mililita 10 milimita ɗaya ce. Sirinji mai cin mililita 20 na kemis ya isa auna ƙaramin ruwa, babba kuwa sai da kofin awo. A kula da girman kwalbar: da baki mai santimita 16, ruwan milimita 100 wajen lita biyu ne, don haka jarkar ta fi haka girma, a kuma zaunar da ita cikin bokiti mai murfi da aka huda wa mazurarin, don abin da ya tumbatsa kada ya salwanta.

Wurin kafawa ya zama fili. Tazarar ma'auni da kowane gini ko itace ta kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin, ninki huɗu ya fi. Darbejiya mai tsayin mita 8 tana buƙatar a nisance ta da mita 16 zuwa 32, a kuma tuna tana girma: wurin da yake fili bana, bayan shekara biyar yana iya zama inuwa. A ba gabas kulawa ta musamman, tunda daga can ruwa ke zuwa a karkace. Kan soro ko kan tankin ruwa bai dace ba ko kaɗan, domin iska a sama ta fi ƙarfi, tana kwashe ɗigon ta wuce da shi ta saman baki, sai a riƙa samun ƙasa da abin da ya sauka. Ƙa'idar ma'aunin ƙarfe ita ce bakinsa ya yi santimita 30 daga ƙasa, gindinsa a binne. Inda awaki da yara ba za su bar shi ba, a ɗora a kan turke mai mita ɗaya, bakin ya ɗara kan turken, a rubuta tsayin a littafi, a kewaye da waya. Bakin ya kwanta daidai, a gwada da ma'aunin magina mai ƙwayar iska a ciki, a sake gwadawa bayan kowace babbar iska.

Wajen karatu, a ajiye kofin awo a kan abu mai daidaito, a sunkuya ido ya zo daidai da saman ruwan, a karanta ƙasan lanƙwasar da ruwan ya yi, ba gefen da ya ɗare jikin gilashi ba. Ruwan da aka auna da safiyar Talata a rubuta shi a layin Litinin, tunda yawancin sa'o'in na Litinin ne. Idan an ga yayyafi amma bai taru yadda za a auna ba, a rubuta "ɗigo". Idan ba a yi ruwa ba, a rubuta 0. Idan ba a duba ba, a ja layi. Waɗannan uku ba ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su ya ɓata littattafai masu yawa. Ƙanƙara a bari ta narke a auna ta tare da ruwan, a ambace ta a gefe. A riƙa rubuta lokacin da ruwa ya fara da lokacin da ya ɗauke: milimita 40 da ta kwana tana sauka ƙasa ce ke shanye ta, milimita 40 cikin rabin sa'a kuwa ita ke cika kwata ta ci gini. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 ta isa nuna abin da ruwa mai ƙarfi ke yi cikin dare ɗaya.

Babban amfanin littafin ga manomi shi ne gane ruwan shuka. Masu bincike na cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke kusa da Yamai sun fitar da wata ƙa'ida ga yankin Sahel: daga 1 ga Mayu, damina ta kama idan ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma cikin kwana 30 da suka biyo ba a yi fashin da ya wuce kwana 7 ba. Rabin ƙa'idar na biyu sai daga baya ake tabbatar da shi, amma na farkon ya isa hana mutum zuba irin geronsa a kan ruwan milimita 8 da ya jiƙa sama ya bar ƙasa a bushe. A haɗa da tona rami da hannu a ga inda laima ta tsaya, da kuma hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara.

Zafi da sanyi

Zafin da ake faɗa a rediyo na iska ne, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Ma'aunin da aka rataya a bangon siminti ko ƙarƙashin rufin kwano zafin bangon da na kwanon yake nunawa, daga nan ake samun masu cewa an kai digiri 50. A Katsina zafin Afrilu da Mayu kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos har ya ɗan haura, asubahin Disamba da Janairu kuma kan sauko wajen 12 ko 13.

Don haka ake ajiye ma'aunan zafi cikin akwatin Stevenson: akwatin katako mai farin fenti ciki da waje, bangonsa siraran katakai a karkace masu barin iska ta shiga su tare rana, rufinsa biyu da sarari a tsakani, ƙasansa ma da ratsi. Kafinta mai hankali zai yi shi. Ƙwan ma'aunan, wato kumburarren gindinsu, ya kasance tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Ƙarƙashinsa gajeriyar ciyawa ko ƙasar wurin yadda take, ban da daɓen siminti da kwalta. A shafe ƙafafun da maganin gara tun kafin a kafa, a wanke ƙura bayan hunturu, a sabunta fenti idan ya dushe, domin akwatin da ya koma ruwan ƙasa yana shan rana ya ƙara wa awo.

Littattafan makaranta suna cewa ƙofar akwatin ta kalli arewa don kada rana ta faɗa kan ma'auni idan an buɗe. A wajenmu maganar tana da gyara. Katsina da Daura suna kan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi. A yi wa akwatin ƙofa biyu: ta kudu ga waɗannan watanni, ta arewa ga sauran shekara.

Ma'aunin zafi mafi tsanani yana da maƙura a wuyansa, sama kaɗan da ƙwan. Zaiba tana hawa idan zafi ya ƙaru, amma ba ta iya komawa da kanta, sai ta tsaya inda ta kai. Bayan an karanta, a riƙe shi ta sama, ƙwan yana ƙasa, a wurga hannu da ƙarfi sau biyu ko uku har ya yi daidai da zafin lokacin. Ana kwantar da shi ne ƙwan ya ɗan yi ƙasa. Na sanyi mafi tsanani ruwan sipirit ne a cikinsa da ɗan tsinken gilashi. Idan sanyi ya ƙaru ruwan yana janyo tsinken baya, idan zafi ya dawo ya wuce ya bar shi. Ana karanta bakin tsinken da ya fi nisa da ƙwan. Mayar da shi kuwa ɗaga ƙwan sama ake yi a hankali har tsinken ya gangara ya taɓa ƙarshen ruwan. Kada a wurga shi yadda ake yi wa ɗan'uwansa. Idan ruwan ya tsinke ya bar gibi, awon zai riƙa nuna sanyin da babu, sai a tsayar da shi ƙwan yana ƙasa, a riƙa bubbuga shi a tafin hannu har ya haɗe.

Zafi kan ƙure tsakanin azahar da la'asar, sanyi kuma dab da fitowar rana. Ke nan idan aka duba da ƙarfe 10 na safe, sanyin na yau ne, zafin na jiya ne, kowanne a kai shi layinsa. Matsakaicin zafin yini shi ne a haɗa biyun a raba biyu. A karanta da sauri, kada a huci ma'auni ko a taɓa ƙwansa. Zaiba guba ce, kuma tun da yarjejeniyar Minamata ta duniya kan zaiba ta fara aiki a 2017 ake janye irin waɗannan ma'aunai daga kasuwa. Na lantarki mai riƙe mafi zafi da mafi sanyi ya wadatar, muddin shi ma cikin akwatin yake. Idan na zaiba ya fashe, kada a share da tsintsiya: a tattara da kwali, a zuba a kwalba mai murfi, a buɗe tagogi.

Laimar iska

Ana faɗinta da kashi cikin ɗari: yawan tururin ruwan da ke cikin iska idan aka gwada da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Hanyar da ta fi aminci ita ce ma'aunan zafi biyu iri ɗaya a tsaye gefe da gefe, ɗaya a bushe, ɗaya an naɗe ƙwansa da farin yadin auduga shara-shara, falle ɗaya, da lagwani da ya sauka cikin 'yar kwalbar ruwa. Aikinsa irin na randa ne, wadda ruwanta ya fi sanyi lokacin da iska ta fi bushewa: ruwan da ke tashi daga yadin yana sanyaya ƙwan, kuma gwargwadon bushewar iska gwargwadon tazarar da ke tsakanin ma'aunan biyu. Sai a duba jadawalin da ke zuwa tare da kayan. Busasshe 30, jiƙaƙƙe 25, laima ta kai wajen kashi 66, irin ta damina. Busasshe 35, jiƙaƙƙe 18, wajen kashi 15 ke nan, irin ta ƙarshen rani.

Nan ne hunturu ke ɓarna. Ƙura tana toshe yadin, ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri ya sandarar da shi, kwalbar kuma tana ƙafewa cikin 'yan kwanaki. Duk ukun sakamakonsu ɗaya: jiƙaƙƙen ya matso kusa da busasshen, littafi ya nuna laima mai yawa a tsakiyar Janairu. Duk wanda ya ga ma'aunan biyu sun zo ɗaya da rani, ya duba kwalba kafin ya rubuta komai. A yi amfani da tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, wanda ba shi da asid, ko tsabtataccen ruwan sama. A sake yadi duk mako da rani, a wanke sabo kafin a ɗaura don sitacin jikinsa ya fita. Idan an sake yadi ko an ƙara ruwa, a jira kwata ɗaya na sa'a kafin karatu. Ga mai jiran damina, hawan jiƙaƙƙen ma'auni kwana bayan kwana a watan Mayu, tare da juyawar iska zuwa kudu maso yamma, ya fi kowace alama nuna cewa iskar teku ta iso.

Iska

Ana kiran iska da inda ta fito, ba inda ta nufa ba, kuma kan kibiyar manunin iska can yake kallo. Ƙa'idar tsayi mita 10 ce a fili, nesa da gini ko itace da ninki goma na tsayinsu. Ƙaramar tasha ba safai take samun haka ba, to a kai iyakar abin da za a iya, a rubuta tsayin.

Wajen saita arewa ake yawan kuskure. Kada a ɗauki fuskar masallaci a matsayin gabas sak: alƙiblar Katsina tana wajen digiri 70 ne daga arewa, wato ta karkata arewa da gabas ta gaskiya da kusan digiri 20. Manunin alƙibla na waya kuma ƙarfen turken yana ruɗa shi. Hanya mai sauƙi ita ce inuwa: a kafa miƙaƙƙiyar sanda a daidaitacciyar ƙasa a watan Disamba ko Janairu, a riƙa yi wa ƙarshen inuwarta alama daga ƙarfe 12 zuwa 1. Inuwa mafi gajarta, ta lokacin zawali, ita ke nuna arewa.

Gudun iska ana auna shi da na'ura mai kofuna uku masu juyawa, a kilomita cikin sa'a, ko da not na ma'aikatan jiragen sama, wanda kowane ɗaya kilomita 1.85 ne. Abin da ake rubutawa matsakaicin minti goma ne, bugu mafi ƙarfi kuma a rubuta shi dabam. Ƙura tana shiga boris ɗinta, sai kofunan su daina motsi da ƙaramar iska. Idan ganye na kaɗawa kofuna na tsaye, lokacin wanki ya yi. Wanda ba shi da na'ura ya yi aiki da ma'aunin Beaufort, mai hawa daga 0 zuwa 12: a mataki na 2 ana jin iska a fuska, na 4 tana ta da ƙura da takardu (kilomita 20 zuwa 28), na 6 manyan rassa na kaɗawa, na 8 ƙananan rassa na karyewa, na 9 kuma ta fara taɓa rufi, wajen kilomita 75 zuwa 88.

Nauyin iska, hazo da gajimare

Baromita tana auna nauyin iskar da ke kanmu, da hektofaskal, wanda daidai yake da miliba ta tsofaffin littattafai. A bakin teku mizanin 1013 ne, yana raguwa da kusan ɗaya duk hawan mita 8 zuwa 9. Katsina ta haura mita 500 a kan teku, don haka ganin wajen 950 ba lalacewar na'ura ba ce. A rataye ta cikin ɗaki inda rana ba ta kaiwa, a ɗan ƙwanƙwasa gilashin kafin karatu. Rubutun ruwa da rana da ke fuskar wasu an yi shi ne don Turai. A nan allurar tana hawa da sauka sau biyu kullum ko da hadari ko babu: sama wajen ƙarfe 10 na safe da na dare, ƙasa wajen ƙarfe 4 na yamma da na asuba. A ra'ayinmu ita ce ta ƙarshe da ƙaramar tasha za ta saya.

Hazo ba ya buƙatar na'ura. A zaɓi abubuwa tsayayyu da ake hangowa daga tashar, kamar hasumiyar masallaci, tankin ruwa, dogon ƙarfen kamfanin waya ko dutse, a nemo nisansu a taswirar waya, daga mita 200 har kilomita 10. Kullum a rubuta mafi nisan da aka gani sarai. Ƙasa da mita 1,000 hazo ne mai kauri, irin mai hana jirgi sauka. Gajimare kuma ana raba sama kashi takwas a ƙiyasta nawa ya rufe: 0 sama tas, 8 a rufe ruf, 9 idan ƙura ta hana ganin saman ma. Nisan tsawa: a ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙara, kowace uku kilomita ɗaya ce. Idan ƙirgen ya gaza 30, a bar fili a shiga gini, kada a fito sai an yi rabin sa'a ba a ji tsawa ba. Mai awo ba ya zuwa kusa da turken iska a wannan lokaci.

Manoman rani na Ajiwa, Jibiya, Zobe da Sabke za su amfana da bahon auna ƙafewar ruwa. Na ƙa'ida faɗinsa santimita 120.7, zurfinsa wajen 25, a kan dandamalin katako mai ratsi, ruwan yana tsayawa santimita 5 zuwa 7.5 ƙasa da baki. Kullum a auna abin da ya ragu, a haɗa da ruwan saman da ya sauka idan an yi. Baho ya fi gona saurin ƙafewa, don haka ake ninka awon da wajen 0.7. Raguwar milimita 10, wadda ba abin mamaki ba ce da bazara, ta zama 7, wato lita 70,000 ga hektar da shuka ta rufe. A kewaye shi da raga, in ba haka ba abin da tumaki suka sha za a rubuta.

Tasha mai sarrafa kanta da littafin awo

Na'urorin zamani masu farantin sola suna aika awo ta waya, amma ba sa duba kansu. Ma'aunin ruwansu 'yan cokula biyu ne a kan lilo, kowace kifewa yawanci milimita 0.2. Ƙurar rani tana daskarewa a maƙogwaron mazurarin, zanzaro yana gini a ciki, yanar gizo tana ɗaure lilon, sai ruwan farko ya zo na'ura ta ce ba a yi komai ba. A buɗe a wanke a watan Afrilu, a zuba ruwan da aka san yawansa a hankali a ga ko ƙirgen ya yi daidai. Idan ruwa ya yi ƙarfi sosai takan rage lissafi, domin wani yana zubewa lokacin da cokali ke juyawa, shi ya sa ake barin ma'aunin hannu a gefenta. A goge farantin sola duk mako da hunturu.

Littafin ya zama mai kauri, shafi ɗaya ga wata ɗaya, a rubuta a wurin awon ba daga ka ba. Shafin farko ya ɗauki sunan wuri, lambobinsa na taswira, tsayin kowace na'ura, lissafin bakin ma'aunin ruwa, da ranar duk wani sauyi: sabon ma'auni, ƙaura, itacen da aka sare, ginin da ya tashi kusa. Idan an yi kuskure a ja masa layi ɗaya a rubuta daidai a gefe, kada a goge. A horar da mutum biyu aƙalla, musamman a makarantu, inda dogon hutu ke faɗowa a Agusta, watan da ya fi kowanne ruwa. Idan an yi fashin kwana uku aka tarar da ruwa a kwalba, a rubuta jimillar tare da cewa ta kwana uku ce, kada a rarraba ta da ka. Ƙarshen kowane wata a ɗauki hoton shafin da waya, a aika wa malamin gona na yankin da wani mutum na biyu da zai adana.